Tasirin Motsa Jiki da Dabarun Koyo a Kan Riƙe Karatu: Nazarin Hujjoji da Darasi ga Makarantunmu

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin abubuwa biyu da ake dangantawa da ƙarfin tunawa, wato motsa jiki da dabarun koyo. Ta bibiyi manyan gwaje-gwajen da masana suka gudanar daga 1885 zuwa 2023, ta auna nauyin hujjar kowane ɓangare. Abin da ya fito fili shi ne, gwada kai da ba wa bita tazara suna da tasiri babba wanda aka tabbatar sau da dama, tasirin motsa jiki kuwa ƙarami ne, kuma har yanzu ana muhawara kan girmansa. Maƙalar ta nuna cewa tsarin hadda na makarantun allo ya daɗe da riƙo da dabarun da bincike ya fifita. Matsayarta ita ce, yawan mantuwar ɗalibai ya fi alaƙa da yadda ake tsara musu lokaci fiye da ƙarancin basira.

1.0 Gabatarwa

Babu malamin da bai san kukan nan ba: an koyar da darasi ranar Litinin, kowa ya gyaɗa kai, ranar Alhamis an yi tambaya aji ya yi tsit. Iyaye kan yanke hukunci da wuri, su ce wane yana da kwanya, wane kuwa kansa ba ya ja. Makarantu kuma sukan nemi magani ta hanyar ƙara wa yara zama. A ƙara lesin bayan tashi, a rage lokacin fita tara, a mayar da darasin motsa jiki lokacin bitar lissafi da zarar jarrabawar WAEC ko NECO ta gabato. Ɗalibin jami'a ma haka yake yi wa kansa: ya kwana a aji yana maimaita takarda ɗaya, yana ja wa layuka layi da biro, ya shiga jarrabawa da jajayen idanu, bayan mako biyu ya nemi abin da ya karanta ya rasa.

Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: me binciken ƙwaƙwalwa da na ilimin halayyar ɗan Adam ya tabbatar game da wannan tsari? Shin yawan zama da maimaita karatu ne ke kafa ilimi, ko kuwa akwai abin da ya fi shi? Wane gurbi motsa jiki yake da shi? Za a fara da yadda ƙwaƙwalwa ke riƙewa da mantawa, a duba dabarun koyo, a duba motsa jiki, sannan a nuna inda suka haɗu.

2.0 Yadda Ƙwaƙwalwa ke Riƙewa da Mantawa

Masana sun kasa aikin tunawa gida uku: ɗaukar sabon abu, kafuwarsa a ƙwaƙwalwa cikin sa'o'i da kwanakin da ke biyo baya, da kuma tuno shi lokacin buƙata. Ana iya samun cikas a kowane mataki, don haka kalmar “na manta” ba ciwo ɗaya take nufi ba.

Wanda ya fara auna mantuwa da alƙaluma shi ne Bajamushe Hermann Ebbinghaus, a littafin da ya fitar a 1885. Ya riƙa haddace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana, ya bar su na ɗan lokaci, sannan ya auna yawan wahalar da ta ragu masa wajen sake haddace su. Bayan minti 20 abin da ya saura kashi 58 ne cikin ɗari, bayan awa ɗaya kashi 44, bayan kwana ɗaya kimanin kashi 34, bayan kwana 31 kuwa kashi 21. Wato mafi yawan asarar a farko-farko take aukuwa, daga nan sai ta lafa. A 2015 Murre da Dros sun maimaita gwajin a ƙasar Holan, suka samu sakamako mai kama da nasa ƙwarai.

Game da sashen ƙwaƙwalwar da ke wannan aiki kuwa, labarin Henry Molaison ne ya buɗe idon masana. A 1953 likita William Scoville ya yi masa tiyata a Amurka don magance farfaɗiya, ya cire yawancin wani sashe da ake kira hipokamfas a ɓangarorin ƙwaƙwalwa biyu. Farfaɗiyar ta yi sauƙi, amma daga ranar har rasuwarsa a 2008 bai ƙara iya riƙe sabon al'amari yadda ya kamata ba, alhali hankalinsa da maganarsa suna nan daram. Nazarin da Brenda Milner ta yi masa ya tabbatar da cewa hipokamfas ce ƙofar da sabon sani ke bi kafin ya zauna.

Wannan sashe kuma yana canzawa gwargwadon aikin da aka sa shi. A 2000 Eleanor Maguire da abokan aikinta sun ɗauki hoton ƙwaƙwalwar direbobin tasi na birnin Landan, waɗanda ba a ba su lasisi sai sun haddace tituna kusan 25,000. Sun tarar ɓangaren baya na hipokamfas ɗinsu ya fi na sauran mutane girma, kuma girman yana tafiya da yawan shekarun aiki. Wannan kaɗai ya isa ya sa malami ya yi hattara da yanke wa yaro hukuncin daƙiƙanci.

3.0 Dabarun Koyo

3.1 Gwada kai

A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke Sent Luwis sun ba ɗalibai gajerun rubuce-rubuce su karanta. Daga nan wasu suka sake karantawa, wasu kuma aka karɓe takardar aka ce su rubuta duk abin da suka iya tunowa. Da aka gwada su bayan minti 5, masu maimaita karatu ne a gaba, da kashi 81 a kan 75. Bayan mako ɗaya sai reshe ya juye: masu maimaitawa suka tuna kashi 42, masu gwada kai kashi 56. A gwaji na biyu, waɗanda suka karanta sau huɗu sun tuna kashi 40 bayan mako, waɗanda suka karanta sau ɗaya suka gwada kansu sau uku kuwa kashi 61. Abin lura shi ne, masu maimaita karatun ne suka fi kowa tabbacin za su tuna.

A nan matsalar take. Idan ido ya saba da shafi, zuciya kan raya wa mutum cewa ya iya, alhali sanin fuskar rubutu daban, iya fito da shi daga ka daban. A 2008 masanan biyu sun sake gwadawa da kalmomin Swahili 40 da ma'anoninsu. Ɗaliban da aka ci gaba da tambayarsu kalmomin ko bayan sun amsa daidai sun tuna kimanin kashi 80 bayan mako ɗaya. Waɗanda aka daina tambayarsu kalma da zarar sun dace sau ɗaya sun tsaya a kusan kashi 35, ko da an ci gaba da nuna musu ita. Ashe tambaya ba ma'aunin ilimi kawai ba ce, ita kanta hanyar kafa shi ce.

3.2 Ba wa bita tazara

Dabara ta biyu ita ce rarraba bita a kan kwanaki maimakon tara ta a zama ɗaya. A 2008 Nicholas Cepeda da abokansa sun koyar da mutane fiye da 1,350 wasu bayanai, suka sa su bita bayan tazara daban-daban, sannan suka jarraba su bayan lokacin da ya kai har kusan shekara. Sun gano cewa tazarar da ta fi amfani tana ƙaruwa gwargwadon nisan ranar jarrabawa. In bayan mako za a yi ta, tazarar kwana ɗaya ta fi. In bayan kusan shekara ne, tazarar kimanin mako uku ta fi. Kwana karatu daren jarrabawa na iya fitar da ɗalibi kunyar gobe, amma ba ya bar masa abin da zai gina darasin zango mai zuwa a kai. Hausawa sun riga sun faɗa, ba a fafe gora ranar tafiya.

3.3 Gauraya darussa

A 2007 Doug Rohrer da Kelli Taylor sun koyar da ɗalibai lissafin cikin siffofi huɗu. Wasu sun yi atisayen kowace siffa a jere kafin su wuce ta gaba, wasu kuma aka gauraya musu tambayoyin. A lokacin atisaye masu bi a jere sun fi ƙoƙari. Bayan mako ɗaya kuwa masu gaurayawa sun ci kashi 63, masu bi a jere kashi 20. Dalili shi ne, gaurayawa na tilasta wa ɗalibi ya fara gane irin tambayar kafin ya zaɓi hanyar warware ta, kuma haka jarrabawa take zuwa.

A 2013 John Dunlosky da abokansa sun tace hujjojin dabaru 10 da ɗalibai ke amfani da su. Biyu kacal suka samu matsayi mafi girma: gwada kai da ba wa bita tazara. Maimaita karatu da ja wa rubutu layi, waɗanda ɗalibai suka fi dogara da su, sun faɗa cikin rukunin masu ƙarancin amfani.

3.4 Abin da makarantar allo ta riga ta sani

Duk wanda ya zauna a tsangaya zai ga waɗannan dabaru ba baƙi ba ne. Almajiri zai rubuta darasinsa a allo da tawada, ya durƙusa gaban malam a biya masa, ya koma gefe ya yi ta nanatawa. Amma ba shi da izinin wanke allon sai ya kawo hadda, ya karanta da ka ba tare da duba rubutun ba, malam na saurare yana gyara masa wasali da madda nan take. Wannan shi ne gwada kai tare da gyara a kan lokaci. Bayan an wanke allo ma darasin bai tafi ke nan ba, domin akwai tishi da tilawa, da asuba da kuma dare a gefen wuta, inda ake komawa kan izufin da aka wuce makonni ko watanni. Wannan ita ce tazara. Gardawa kan zauna su saurari juna, wani ya ja baƙi wani ya kama masa kuskure. Ƙarshen tafiyar shi ne alaramman da zai rubuta izu 60 da ka.

Dole a yi adalci a nan. Riƙe lafazi ba shi ne fahimtar ma'ana ba, kuma darasin kimiyya ko tarihi yana buƙatar ɗalibi ya iya bayani da kalmominsa, ya kuma yi aiki da abin da ya sani a sabon yanayi. Abin da makarantun boko za su ara daga tsangaya shi ne tsarin: kada a wuce darasi sai an fito da shi daga ka, kuma kada a bar tsohon darasi ya kwanta ba a waiwaye shi ba.

4.0 Motsa Jiki

4.1 Hujja daga dabbobi

A 1995 ƙungiyar Carl Cotman a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine ta nuna cewa ɓerayen da aka bari suna gudu a kan ƙafar juyi sun samu ƙaruwar wani furotin da ake taƙaita sunansa da BDNF, musamman a hipokamfas. Wannan furotin na taimaka wa ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa su rayu, su kuma ƙarfafa mahaɗarsu da juna. A 1999 Henriette van Praag da Gerd Kempermann da Fred Gage a Cibiyar Salk sun gano cewa gudu ya kusan ninka yawan sababbin ƙwayoyin da ke tsirowa a hipokamfas ɗin ɓeraye. Ko irin wannan tsiro na ci gaba a ƙwaƙwalwar babban mutum, masana sun rabu: a 2018 an buga bincike biyu da suka saɓa wa juna a kan batun.

4.2 Motsa jiki na dogon lokaci

A 2011 Kirk Erickson da abokansa sun raba dattawa 120 gida biyu. Rukuni ɗaya na tafiyar ƙafa da sauri sau uku a mako, an fara da minti 10 har aka kai 40, ɗayan kuma na miƙe gaɓoɓi kawai. Bayan shekara ɗaya hipokamfas ɗin masu tafiya ta ƙaru da kimanin kashi 2 cikin ɗari, ta ɗaya rukunin ta ragu da kusan kashi 1.4. Sai dai a gwajin tuna wurare rukunan biyu duk sun samu ci gaba, wanda ke nuna cewa girman sashen ƙwaƙwalwa ba ya fassaruwa kai tsaye zuwa fifikon tunawa.

A ɓangaren yara, Charles Hillman da abokansa sun buga sakamakon wani gwaji a 2014 da ya ƙunshi yara 221 'yan shekara 7 zuwa 9 a jihar Ilinoi ta Amurka. Waɗanda suka yi wata 9 suna wasannin motsa jiki bayan tashi daga makaranta sun fi takwarorinsu ci gaba wajen tattara hankali da sauya tunani daga wani aiki zuwa wani. Wannan na da muhimmanci, domin abin da hankali bai tsaya a kansa ba, ba ya shiga balle a tuna shi.

4.3 Motsa jiki sau ɗaya da lokacin yin sa

A 2007 Bernward Winter da abokansa a birnin Munsta na Jamus sun ga matasa sun koyi sababbin kalmomi da saurin da ya ƙaru da kashi 20 cikin ɗari bayan gajeren gudu mai tsanani. A 2016 kuma masana a Cibiyar Donders da ke Holan sun sa mutane 72 su haddace wuraren hotuna 90 a fuskar kwamfuta. Wasu sun tuƙa keken motsa jiki na minti 35 nan take, wasu bayan awa 4, wasu ba su yi ba. Da aka gwada su bayan awa 48, waɗanda suka jinkirta motsa jikin ne suka fi tunawa. Bincike ɗaya ba ya zama doka, amma yana nuni da cewa motsa jiki na iya taɓa matakin kafuwar karatu, ba matakin ɗauka kaɗai ba.

4.4 Iyakar hujjar

Mai son gaskiya ba zai ɓoye ɗaya gefen ba. Nazarin ƙungiyar Cochrane na 2015, wanda ya haɗa gwaje-gwaje 12 da mutane 754, bai samu hujjar cewa motsa jiki na ƙara kaifin tunanin tsofaffi masu lafiya ba. A 2018 wani gwaji a Ingila da ya ƙunshi mutane 494 masu cutar mantuwa ya nuna motsa jiki ya ƙara musu ƙarfin jiki, amma bai rage saurin dusashewar tunaninsu ba. A 2023 Luis Ciria da abokansa a Jami'ar Granada ta Sifaniya sun sake tace manyan nazarce-nazarce 24, suka nuna cewa amfanin da ake ambatawa ƙarami ne, kuma yana ƙara ƙanƙancewa idan aka yi la'akari da raunin tsarin wasu gwaje-gwajen da kuma al'adar fifita buga sakamako mai daɗi. Saboda haka bai dace a tallata motsa jiki a matsayin maganin mantuwa ba. Amfaninsa ga zuciya da hawan jini da barci da natsuwa tabbatacce ne, kuma waɗannan su ne ƙasan da koyo ke tsayawa a kai.

5.0 Inda Biyun Suka Haɗu

Binciken da ya fi haska alaƙar biyun shi ne na Lauren Raine da abokanta a 2013. Sun ɗauki yara 48 'yan shekara 9 zuwa 10, rabi masu ƙwarin jiki sosai, rabi masu rauni, suka sa su haddace sunayen yankuna a taswirar ƙirƙira. Wata taswirar ta hanyar kallo kawai, wata kuma ta hanyar kallo haɗe da gwaji. A ranar koyo babu bambanci tsakanin yaran. Washegari, a taswirar kallo kawai, masu ƙwarin jiki sun tuna kimanin kashi 40, masu rauni kimanin kashi 25. A taswirar da aka yi gwaji kuwa kowa ya fi tunawa, kuma ratar ta ragu.

Darasi biyu ke cikin wannan. Na farko, ƙwarin jiki na tallafa wa yaro a inda koyo ya yi wuya. Na biyu, dabarar koyo mai kyau na ɗaga kowane yaro, har ta rage fifikon da wani ke da shi a kan wani. Makarantar da ta soke wasa don ƙara lokacin maimaita karatu ta yi asara biyu: ta raunana jikin yaro, ta kuma cika lokacin da dabarar da ke cikin masu ƙarancin amfani.

Akwai na uku da ke ɗaure biyun, wato barci. Tun a 1924 Jenkins da Dallenbach suka nuna cewa an fi riƙe abin da aka haddace idan barci ya biyo baya maimakon zama a farke. Ɗalibin da ya kwana karatu ya hana ƙwaƙwalwarsa lokacin da take kafa abin da ya karanta.

6.0 Shawarwari

Na ɗaya, malami ya buɗe kowane darasi da tambayoyi na minti 5, littattafai a rufe, ba don maki ba. A haɗa tambaya daga darasin jiya, da na makon jiya, da na watan jiya, a kuma gyara kuskure nan take. Wannan ba ya buƙatar wutar lantarki ko kuɗi, kuma yana yiwuwa ko a ajin da yara suka yi yawa.

Na biyu, a koya wa ɗalibai dabarun koyo a fili tun daga firamare: rufe littafi, faɗi ko rubuta abin da ka tuna, buɗe ka duba, sannan ka dawo kansa bayan kwanaki. Kwalejojin ilimi su sa wannan cikin horon malamai.

Na uku, a kare lokacin tara da darasin motsa jiki, har a ajin masu jarrabawar fita. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2020 ta shawarci yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su samu matsakaicin minti 60 na motsa jiki a kullum, manya kuma minti 150 zuwa 300 a mako. Binciken da ta jagoranta a kan ɗalibai miliyan 1.6 a ƙasashe 146 ya nuna kashi 81 cikin ɗari na 'yan shekara 11 zuwa 17 ba sa cika wannan ma'auni, kuma 'yan mata sun fi samari gazawa. Ba sai an gina filin zamani ba. Langa da tsallen igiya da 'yar gala-gala da ƙwallon ƙafa sun wadatar, a yi su da sanyin safiya a watannin bazara, a tanadi ruwan sha, a kuma keɓe wa 'yan mata wurin da za su sake.

Na huɗu, akasarin gwaje-gwajen da aka ambata an yi su ne a Amurka da Turai. Ya kamata sassan ilimi da na likitanci a jami'o'inmu su gudanar da irinsu a firamare da Islamiyya da tsangaya, cikin harshen Hausa, tare da lura da abinci da zafi da tafiyar ƙafar da yaran karkara ke yi kullum zuwa makaranta.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa mantuwa ɗabi'ar kowace ƙwaƙwalwa ce, tana da tsarin da aka auna, ana kuma iya rage ta. Hujja mafi ƙarfi tana tare da gwada kai da ba wa bita tazara. Motsa jiki mataimaki ne wanda bai kamata a zuzuta shi ba, bai kuma kamata a yar da shi ba. Dukkansu uku, har da barci, a hannun mai tsara jadawali suke: shugaban makaranta, da malamin aji, da iyaye a gida. Ina kira ga kowane malami ya gwada tambayoyin minti 5 na tsawon zango ɗaya, ya bar yara su fita tara, ya rubuta sakamakon da ya gani, domin a tattauna a kan alƙaluman da suka fito daga azuzuwanmu.